Tambaya da Amsa: Haruffa masu kauri da lanƙwasa a kan sitika

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar zoɓo da kunun aya a Zariya. Mai zana min sitikar gora ya rubuta komai da wani salon haruffa mai kauri, mai lanƙwasa kamar rubutun hannu, wai shi Lobster. A waya ya yi kyau, da aka buga kuwa lambar wayata ba ta karantuwa, ɓ ɗin "zoɓo" ma ta fita daban. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Lobster ba shi da laifi, aikin da ba nasa ba aka ɗora masa. Pablo Impallari ɗan Ajantina ne ya zana shi a 2010, kuma shi da irinsa, kamar Pacifico na Vernon Adams, don kanun rubutu aka yi su: sunan kaya, allon shago, kwalin alewa. Jikinsu kauri ne, haruffan a sarƙe da juna, akwai wasa da fara'a a cikinsu, shi ya sa suke dacewa da abin sha da na ƙwalama.

Kaurin nan shi ne ya ci lambarki. Ramukan da ke cikin a, e, o da 6, 8, 9 ƙanana ne, idan an rage girman rubutu sai tawada ta malala ta cike su. Ki ce wa mai zanen ya bar Lobster ga sunan kayan kaɗai, kalma 2 zuwa 3, girman rubutu a kwamfuta lamba 30 ko sama. Lambar waya, farashi da jerin kayan haɗi su koma salo miƙaƙƙe irin Open Sans, kada su gaza girma 8.

Kada ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe zalla, domin manyan haruffan wannan salo ba a zana su don su jeru da juna ba, cakuɗewa suke yi. Kada kuma ya buɗe tazara tsakanin haruffa, wutsiyoyin da ke haɗa su za su tsinke. Inuwa da zagayen layi ma, da masu zanenmu ke matuƙar so, toshe ramukan nan suke ƙara yi. Fari a kan jan zoɓo ya wadatar.

Batun ɓ kuwa, salon ado da yawa ba su da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Idan kwamfuta ta rasa harafi sai ta aro shi daga wani salo, ki ga siriri a tsakiyar masu kauri. Ya gwada rubuta "ƙanƙara, ɗanɗano, zoɓo" tun kafin ya fara zane. In babu, ya rubuta b, ya mayar da kalmar zane ta hanyar danna Ctrl+Q a manhajar zane ta CorelDRAW, sannan ya zana ƙugiyar da kauri daidai da na sandar harafin. Wannan matakin yana kuma hana salon sauyawa a kwamfutar maɗaba'a.

Kafin a buga da yawa, a fitar da guda ɗaya a ainihin girmanta, ki manna a gora mai sanyi, ki karanta daga nisan taku 3.