Tsutsar ciki, korona da allurar rigakafi: amsoshin likita

Tambaya: Likita, na ji ana cewa tsutsar ciki ce ta sa korona ba ta yi mana ɓarna kamar Turai ba. Ke nan in bar yarana da ita?
Wata uwa daga Zariya

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki bar su da ita. Maganar dai ba ƙage ba ce. A 2021 an bibiyi majinyatan korona 751 a Habasha, aka ga masu tsutsa da sauran ƙwayoyin cutar hanji ba su cika galabaita ba. Ita tsutsa so take ta shekara da shekaru a hanji ba a kore ta ba, sai ta riƙa fitar da sinadaran da ke lallashin garkuwar jiki ta yi laushi. Korona kuwa, sau da yawa abin da ke kisa shi ne garkuwar ta harzuƙa fiye da kima, huhu ya kumbura. Amma binciken bai tabbatar da cewa tsutsar ce ta kare su ba. Kuma yawancin mutanenmu matasa ne, alhali tsofaffi korona ta fi kayarwa.

Abin da nake gani a asibiti shi ne yaro ɗan shekara shida, ciki tulu, ƙafafu sil-sil. In na ja fatar idonsa ƙasa sai in ga fari fat, tsutsa ta shanye jinin. A ba su albendazole: ƙwaya ɗaya mai miligiram 400 ga wanda ya kai shekara 2, rabi ga ɗan shekara 1 zuwa 2.

Tambaya: Manomin rani ne ni, kullum ina cikin ruwa, kuma ina fitsarin jini. Allurar rigakafin korona za ta yi mini aiki?
Daga Kura, Jihar Kano

Amsa: Malam, wannan alamar tsargiya ce, tsutsar da ke fitowa daga dodon koɗi ta huda fata. Rigakafi zai yi aiki, sai dai ƙarfinsa na iya raguwa, saboda laushin garkuwar da na faɗa a sama. An ga haka a Kenya da Uganda, inda masu tsargiyar hanji suka samar da kariya mai rauni bayan allurar ciwon hanta nau'in B. Ka je a auna fitsarinka a ba ka praziquantel daidai nauyinka, ka sha bayan ka ci abinci. Allurar kuma kada ka ɗage ta.

Tambaya: Ivermectin na maganin korona?
Wani ɗalibi daga Maraɗi

Amsa: A'a, ɗana. Babban gwajin da aka yi a Brazil, wanda aka fitar a 2022, bai nuna amfani ba. Ivermectin maganin tsutsa ne, inda yake ceton rai daban ne. Akwai wata 'yar ƙaramar tsutsa, sitironjiloyidis, mai shiga ta tafin ƙafa ta zauna shekaru da dama shiru. Idan aka ba mai ita dexamethasone, maganin da ake ba wanda korona ta kai ga buƙatar iskar oksijin, tana iya bazuwa har huhu ta yi kisa. Ita ce ivermectin ke kashewa. Don haka duk mai tafiya gona ba takalmi, ya faɗa wa likita kafin a fara masa dexamethasone.