Sun ƙi yi min rajista a asibiti a Ingila, doka ce ko wariya?

Tambaya: Salam likita. Muna Birmingham ni da maigidana, bizarmu ta ƙare, ga ciki wata huɗu. Na je asibitin unguwa da suke cewa GP, matar da ke kan tebur ta ce sai na kawo fasfo da shaidar adireshi. Haka doka take ko don ta ganni baƙa da hijabi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Ba doka ba ce. A Ingila kowa na da damar rajista da GP kyauta, ba sai da fasfo ko biza ko adireshi ba, ƙa'idar NHS, hukumar lafiya ta ƙasar, kenan. Ki koma, in ta sake ƙi ki nemi manaja ki ce su rubuto miki dalili a takarda, galibi nan take magana ke canzawa. Ƙungiyar Doctors of the World ma tana taimaka wa baƙi kan wannan.

Babban asibiti ne ke da caji. Tun 2015 wanda ba shi da izinin zama ana cajinsa kashi 150 cikin ɗari na kuɗin magani, kuma bashin da ya kai fam 500 in ya wuce wata biyu ana iya kai sunan mutum hukumar shige da fice. Wannan tsoron ne ke sa mata su ƙi zuwa awo har ciki ya tsufa, to don Allah kar ki bi sahunsu, awo da haihuwa ba a hana mace don ba ta biya ba, takardar bashi daga baya take zuwa kuma ana iya biya kaɗan kaɗan.

Zuciyar matar can ba zan yanke mata hukunci ba, amma wariyar akwai ta, wani lokacin ma ba a fuska take ba, a tsarin take. Rahoton 2018 na MBRRACE, masu binciken mutuwar mata masu ciki a Birtaniya, ya nuna baƙar mace ta ninka farar mace sau biyar wajen haɗarin mutuwa a ciki ko haihuwa, kuma cikin abin da mata ke kuka da shi akwai ka ce ciwo kake ji a ce ai ku kuna da juriya. Shi ya sa in kika ji ciwon kai mai tsanani, ko ganinki ya dushe, ko jini, ko yaro ya rage motsi, ki buga wa sashen haihuwa nan take, kar ki yi kara irin tamu. In Turancin na ba ki wuya ki nemi tafinta, kyauta ne.