Amsa kan Japan Rail Pass: ka yi lissafi kafin ka biya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce za ka yi kwana goma a Japan, daga Tokyo zuwa Kyoto da Hiroshima ka dawo, kana tambaya ko ka sayi Japan Rail Pass, wato katin da ke ba baƙo damar hawa jiragen ƙasa na kamfanonin JR (Japan Railways) na wasu kwanaki a kan kuɗi ɗaya, kuma ko da gaske ne idan ka saya babu sauran biyan komai. A'a, akwai sauran biya. Ni shawarata kada ka saya sai ka zauna da biro da takarda.

Masu cewa katin garaɓasa ne, tsohon farashi suke tunawa. Kafin Oktoban 2023 na kwana 7 yen (kuɗin Japan) 29,650 ne, sai aka mai da shi 50,000, na kwana 14 ya koma 80,000, na kwana 21 kuma 100,000. To, duba hanyarka. Tokyo zuwa Kyoto a Shinkansen, jirgin ƙasa mai tsananin gudu, kusan yen 14,000 ne, Kyoto zuwa Hiroshima 11,000 da 'yan kai, dawowa Tokyo wajen 19,000. Duka wajen 45,000 ne. Sai ka ƙara da jirgin ƙasa na Narita Express daga filin jirgin sama zuwa Tokyo, wanda ke kusan 3,000, da 'yan zirga-zirga, kafin kuɗinka ya fita da ƙyar. Ga shi kwanakin a jere suke, ko ka hau ko ba ka hau ba suna ƙirguwa, kuma ranar da ka fara, ko da ƙarfe goma na dare ne, ta tafi a matsayin kwana guda.

Inda aka fi cin kuɗin mutane shi ne Nozomi da Mizuho, jiragen Shinkansen da suka fi sauri a wannan hanyar, kuma Nozomi ne ya fi yawa a layin Tokyo zuwa Osaka. Katin shi kaɗai bai isa ka hau su ba, sai ka sayi ƙarin tikiti: yen 4,960 daga Tokyo zuwa Kyoto, 6,500 zuwa Hiroshima. Idan ba ka son ƙarin, ka hau Hikari, a tashar Shin-Osaka ka sauya zuwa Sakura, su ma Shinkansen ne amma katin ya ɗauke su. Bambancin bai fi kamar rabin awa ba zuwa Osaka. Amma ka karanta sunan jirgin a allo kafin ka sa ƙafa, domin a dandamali ɗaya suke tsayawa, kamanninsu ɗaya, 'yan mintuna ne tsakaninsu.

Sai maganar kaya, wadda ta fi shafar mu masu tafiya da manyan akwatuna saboda tsaraba. Ka ɗauko tef ɗin tela ka auna tsawo da faɗi da kaurin akwatinka, ka haɗa. Idan ya haura santimita 160, a layukan Shinkansen na Tokaido da Sanyo (waɗanda za ka bi) da Kyushu dole ka kama kujera mai wurin kaya, galibi layin ƙarshe na tarago. Kamawar kyauta ce, amma idan ka shiga ba ka kama ba, yen 1,000 za a caje ka. Wanda ya haura 250 ba a shiga da shi sam. Kujerun nan kaɗan ne, suna ƙarewa da wuri.

Katin na kamfanonin JR ne kawai. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokyo da na Kyoto da bas-bas na birnin Kyoto duk ba sa ciki, don haka ka sayi Suica ko ICOCA, katin biyan kuɗin jirgi da bas, ka zuba masa kuɗi. Wani lokacin ma jirgin JR ne amma ya ratsa ta layin wani kamfani, sai a karɓi kuɗin wannan guntun daban. Jirgin ruwan JR zuwa tsibirin Miyajima yana ciki, sai dai harajin baƙi na yen 100 daga aljihunka ne.

Kafin duk wannan, ka tabbata ka cancanta. A cikin 'yan ƙasar waje, sai wanda aka manna wa shaidar Temporary Visitor (baƙo na ɗan lokaci) a fasfo lokacin shiga ƙasar ake ba katin. Mai bizar karatu ko ta aiki ba ya samu, ko da ya riga ya biya. Idan ta hannun wakili ka saya, takardar musaya za a ba ka, wata uku take aiki, ka kai ofishin JR da ainihin fasfonka, ba hotonsa ba. Ka riƙe katin da kyau, in ya ɓata ba a sake bayarwa.

A wannan hanyar taka, ni na fi ganin ka sayi tikitin Tokyo zuwa Kyoto da na dawowa daban, sannan ka duba Kansai-Hiroshima Area Pass, katin JR na yankin Kyoto da Osaka zuwa Hiroshima na kwana 5, wanda aka sa wa yen 17,000 a 2023. Da shi za ka hau Nozomi tsakanin Shin-Osaka da Hiroshima ba tare da ƙari ba. Abin lura ɗaya: bai ɗauki Shinkansen daga Kyoto zuwa Shin-Osaka ba, wannan guntun a jirgin JR na yau da kullum za ka yi shi, ƙasa da rabin awa.