Mama za ta iya tafiyar Urushalima kuwa?

Ƴar'uwa, kin tambaya ko mama mai ciwon gwiwa za ta iya bin ayarin cocinku zuwa Isra'ila. Za ta iya, amma sai da shiri. Ni na je tare da babarmu, Galili ba matsala don bas ke kai ku har Kafarnahum, ga jirgin ruwa a Tekun Galili, tana zaune ana ta waƙoƙi hawaye na zuba mata. Wahalar tana tsohon birnin Urushalima, hanyar da Yesu ya bi ɗauke da gicciye tasha 14 ce, wato wuraren da ake tsayawa a yi addu'a, duk duwatsu masu santsi da matakala ga cunkoso, gangarowa daga Dutsen Zaitun zuwa Getsamani ma gwiwa na ji a jiki, gara ta gangara cikin mota. A Baitalami ƙofar Cocin Haihuwar Yesu gajeriya ce sosai, sai an sunkuya, ki riƙe mata hannu. Ki saya mata kambas da sanda, magungunanta su zauna a jakar hannu. In Disamba ne akwai sanyi da ruwan sama, a ɗauki suwaita mai kauri. Allah ya kai ku lafiya, ki gaishe min da mama.