Amsar tambayarka a kan motar haidirojin

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ga tambayar da ka yi, ko sabo ne kawai ya hana mutane barin al'adar zuba fetur su koma ga haidirojin, wata iska mai kama wuta, tunda motarsa ba ta fitar da komai ta salansa sai ruwa. Gaskiya ne an ce sabo turken wawa, amma a wannan maganar ban ɗora wa sabo laifi ba, domin ruwa ba ya tsami banza.

Haidirojin da ake amfani da shi a yau ba haƙo shi ake yi ba, samar da shi ake yi, kuma mafi yawansa daga iskar gas da kwal ake tatso shi, wanda ke nufin hayaƙin da ka ce motar ba ta yi an riga an yi shi a masana'anta. Idan kuwa aka bi hanya mai tsabta, wato a yi amfani da wutar lantarki a fitar da shi daga ruwa, kilo ɗaya yana cin wajen yunit 50 na wuta, alhali ƙarfin da ke cikinsa bai wuce kwatankwacin yunit 33 ba. Kafin a matse shi, a yi dakonsa, motar ta sake mayar da shi lantarki, abin da ke isa ga tayoyi bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, yayin da mota mai batir take cin moriyar fiye da kashi biyu cikin uku na wutar da aka ba ta.

Wahalar da ta fi damuna ita ce ta ajiya. Wannan iska ta fi kowace iska rashin nauyi, don haka motar Toyota Mirai, wadda ta fito a 2014, sai an danna mata shi a tanki da matsi ninki 700 na iskar da muke shaƙa, alhali tayar mota ba ta kai ninki 4 ba, duk da haka abin da tankin ke ɗauka kilo 5 ne da ɗoriya. Idan ana so ya zama ruwa, sai an sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifili. Yana sulalewa ta kafar da ido ba ya gani, yana sa wasu ƙarafa su yi rauni har su tsage, kuma harshen wutarsa da kyar ake ganinsa da rana. Ko a gidan mai sai an sanyaya shi zuwa digiri 40 ƙasa da sifili kafin a zuba, har wani lokaci bakin tiyon yakan daskare a jikin motar, direba ya tsaya yana jiran ƙanƙara ta sake shi.

Saura maganar gidajen man kansu. Mai jari ba zai gina su ba sai ya ga motoci, mai saye kuma ba zai sayi motar ba sai ya ga inda zai sha mai. A 2019 wani gidan haidirojin ya fashe kusa da birnin Oslo na Norway, aka rufe wasu na ɗan lokaci. A 2024 kuma kamfanin Shell ya rufe nasa na ƙananan motoci a jihar Kalifoniya ta Amurka, masu motocin suka koma bin layi a 'yan wuraren da suka rage.