Masu Gadi Sun Ce Akwai Fatalwa A Tsohon Gidan: Ta Ina Ake Fara Bincike?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. An ɗora mini amanar kula da wani katafaren tsohon gida da aka mayar wurin adana kayan tarihi. Benensa na katako ne, yana da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa da bututun hayaƙi da dama. Masu gadin dare suna cewa suna jin takun mutum a saman bene, wata ƙofa tana buɗe kanta, akwai kuma wani lungu da sanyi ke ratsa duk wanda ya tsaya. Ɗaya daga cikinsu ya rantse ya ga mace da fararen kaya a kan matakala. Biyu sun ce za su ajiye aiki. Ga kuma wasu samari masu na'urori suna roƙon a bar su su kwana a ciki su ɗauki bidiyo. Ban ƙaryata kowa ba, amma ban san ta inda zan ɓullo wa lamarin ba.

AMSA: Barka kadai, Malam. Kafin mu taɓa maganar mace mai fararen kaya, ka je yau ɗin nan ka tambayi masu gadin ko suna tashi daga aiki da ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko kasala, kuma ko abin yana sakinsu idan sun bar gidan. In amsar e ce, a daina kwana a ciki sai an kira mai gyara ya duba murhun ɗumama gida, da bututun hayaƙi, da janareta, da duk wani kaskon wuta da suke kunnawa a ɗaki rufe. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi, ba ta da wari, tana rikita tunani, tana kuma kisa. A 1921 wani likitan ido a Amurka, W. H. Wilmer, ya buga labarin wasu iyali da suka tare a wani babban tsohon gida a 1912. Suna jin taku da ƙarar jan kujeru cikin dare, suna ganin mutane tsaye a gindin gado, yaran sun yi fari sun rame, har shuke-shuken cikin gida sun yi yaushi. Da aka duba, murhun ne ya lalace yana tura hayaƙinsa cikin ɗakuna. Aka gyara shi, baƙin dare suka ɗauke ƙafa. Na'urar da ke yin ƙara idan ta ji wannan iska ba ta da tsada, kuma ita ce kaɗai na'urar da zan ce ka saya tun kafin ka yi komai.

In an fitar da wannan, sai bincike. Kuskuren da galibi ake yi shi ne a shiga neman fatalwa. Abin da ke hannunka rahoto ne: mutum kaza ya ce ya ji kaza a wuri kaza. Shi za ka bi diddiginsa, kuma rahoto abu ne mai saurin lalacewa. Masu gadi suna zama tare suna hira, kowa yana jin na ɗan'uwansa, kafin wata guda wanda ya ji ƙara ɗaya ya koma ya ji taku bakwai, ba don yana ƙarya ba, haka tunawa take yi. Don haka ka kira su ɗai-ɗai, a keɓe, ba tare da dariya ko zaro ido ba. Ka raba ganau da jiyau. Kada ka tambaye shi mene ne ya gani, ka tambaye shi yaya abin yake. Ƙarfe nawa? Yana tsaye ne ko yana zaune? Wace fitila ce a kunne? Awa nawa ya yi bai runtsa ba? Da ya juya ya kalli abin sosai, ya ci gaba da ganinsa ko ya ɓace? Sai tambayar da ta fi duka nauyi: kafin daren nan, wa ya taɓa ba shi labarin matar?

Ga dalilin nauyinta. A 1997 wasu masu bincike biyu, Rense Lange da James Houran, sun zagaya da mutum 22 cikin wani tsohon gidan wasan kwaikwayo a jihar Illinois. Rabinsu an ce musu wurin yana da fatalwa, rabin an ce musu gyara kawai ake yi. Gini ɗaya, ɗakuna ɗaya, amma waɗanda aka tsorata tun daga ƙofa su ne suka fi ba da rahoton jin abubuwa. Sabon mai gadi da aka yi wa maraba da labarin matakala ya riga ya gama rabin ganinta tun bai hau benen ba.

Daga nan ka ba kowanne littafinsa, ya riƙa rubuta lokaci da wuri da abin da ya faru nan take, ya miƙa maka da safe ba tare da sauran sun karanta ba. Kai kuma ka riƙa rubuta yanayin daren: iska, ruwan sama, hasken wata, lokacin da injin ɗumama ya tashi da lokacin da ya mutu. Bayan 'yan makonni ka jera su. Sau da yawa a nan asiri ke tonuwa, ka tarar takun nan ba ya zuwa sai awa ɗaya ko biyu bayan an kashe ɗumi.

Tsohon gidan katako ba ya yin shiru da dare, kuma wanda bai saba kwana a cikinsa ba ba zai yarda da irin surutunsa ba. Katako yana buɗewa da zafin rana, yana tsukewa da sanyin dare. Allunan matakala da aka tattaka da yini suna komawa mazauninsu ɗaya bayan ɗaya, ƙas, shiru, ƙas, shiru, tazarar kuwa kamar ta mai hawa a hankali. Bututun ruwan zafi yana ƙwanƙwasa idan yana hucewa. A tsofaffin gidajen Turai akwai wani ƙwaro mai cin ginshiƙan itace da ke buga kansa a jikin katako don kiran abokin barbara, a daren da ya yi tsit ana jinsa sarai. Ga ɓeraye a cikin rufi, ga jemagu, ga farar mujiya wadda ke son tsofaffin gine-gine, kukanta kuma tsawa ce mai tayar da tsigar jiki, 'ya'yanta suna huci kamar mutum mai minshari. Ka barbaɗa gari ko hoda a ƙasan benen da yamma, ka rufe ƙofofin, ka manna takarda mai sa hannunka a bakin kowacce, ka zagaye ƙananan kaya da alli. Da safe ƙasa za ta gaya maka wa ya bi ta kanta, mai ƙafa huɗu ne ko mai takalmi.

Na ce mai takalmi da gangan. Wurin da ake ajiye kayan tarihi wuri ne mai dukiya, kuma babu abin da ya fi yi wa ɓarawo daɗi irin masu gadin da ke tsoron hawa bene da dare. Ka ƙirga kayanka, ka san hannun da kowane makulli yake.

Ƙofar ba za ta ba ka wuya ba. Gini idan ya tsufa yana zaunawa, firam ya karkace, harshen makulli ya daina shiga raminsa sosai. Ka tura ƙyauren a hankali ba tare da murɗa hannun ba, in ya buɗe ka samu rabin amsa. Sauran rabin iska ce: buɗe ƙofar waje a ƙasa ko bugawar iska a bakin bututun hayaƙi yana sauya matsin iskar gidan gaba ɗaya. Ka sa wani ya buɗe ƙofofin ƙasa ɗaya-ɗaya kai kana tsaye kana kallo.

Lungun sanyi kuwa an taɓa auna irinsa a wuri mai suna. A fadar Hampton Court da ke kusa da Landan akwai wani dogon zaure da ake cewa Catherine Howard, matar Sarki Henry na Takwas ta biyar, wadda aka fille wa kai a 1542, tana gudu a cikinsa tana kururuwa. A shekarar 2000 masanin halayyar ɗan Adam Richard Wiseman ya sa ɗaruruwan maziyarta su yi alama a taswira duk inda suka ji wani abu. Alamomin ba su warwatsu ba, sun taru a wasu wurare ƙalilan, wato mutanen ba ƙirƙira suke yi ba, akwai abin da jikinsu ke ji. Da aka auna zafi, sai aka gano iska mai sanyi tana kurɗowa ta wasu tsofaffin ƙofofi da aka toshe. Kai ma ka rataya siririn zare ko yankin takarda mai laushi a lungun ka ga inda yake kaɗawa. Kada ka yi gwajin da kyandir a gidan katako.

Za ka ji ana yawan ambaton sautin da ya yi ƙasa da jin kunne. Asalin maganar daga wani injiniya ne ɗan Ingila, Vic Tandy, wanda ya ga wani abu toka-toka ta wutsiyar ido a ɗakin aikinsa, gumi ya karyo masa. Washegari ya ɗaure siririn takobinsa na wasa a teburin aiki, sai ya ga ruwan takobin yana karkarwa shi kaɗai. Ya bi sawu har ya kai ga wata sabuwar fanka mai fitar da girgiza kusan 19 a daƙiƙa, ƙasa kaɗan da inda kunnen mutum ke fara ji. Ya buga labarin a 1998. Labari ne mai daɗi, amma ni ba na ɗora masa kaya da yawa. Chris French da abokan aikinsa a Landan sun gina ɗaki na musamman suka sakar wa mutane irin wannan sauti, abin da suka buga a 2009 kuma ya nuna cewa saurin ɗaukar zuga na mutum ya fi sautin tasiri. In akwai babbar fanka ko inji a gidan, a kashe shi dare biyu a gani, iyakarta ke nan.

Saura matar. Ba na jin mai gadin nan ƙarya yake yi. Gefen ido ba ya rarrabe siffa sosai, ƙwaƙwalwa kuma a shirye take ta ga mutum a duk abin da ya yi tsayin mutum, musamman a duhu-duhu. Ƙara da rashin barci. Wajen ƙarfe uku zuwa huɗu na dare mutum yana iya yin gyangyaɗi na 'yan daƙiƙoƙi bai sani ba, mafarki ya ɗan leƙo cikin farke. In kuma ya ce yana kishingiɗe ne, ya kasa motsi, an danne masa ƙirji, to dannau ne, sanannen abu a wurin likitocin barci. Ka je da shi ya tsaya inda ya tsaya, a sa'ar da abin ya faru, da fitilun da ke kunne a daren. Ku duba farin ƙyallen da ake lulluɓe kujeru da shi, da madubi, da labule, da hasken mota da ke ratsa tsohon gilashi mai lanƙwasa ya zame a bango.

Sannan ka bi tarihin labarin kansa. An taɓa yin matar? Yaushe aka fara rubuta zancenta, kuma wa ya amfana? Gidan Winchester da ke San Jose a Kalifoniya ya yi suna da matakalar da ke ƙarewa a silin da ƙofar da ke buɗewa a sarari, ana cewa mai gidan, Sarah Winchester, ta gina su ne don ɓatar da fatalwoyi. Masu binciken rayuwarta ba su samu shaidar haka ba. Girgizar ƙasa ta 1906 ta rushe saman ginin, aka toshe wasu sassa ba a sake gina su ba. Ta rasu a 1922, aka buɗe gidan ga masu biyan kuɗin kallo a 1923.

Game da samarin, ra'ayina su dakata. Na'urar da ke walƙiya a hannunsu wayar lantarki da wayar salula take ji, ɗige-ɗigen haske a hoto ƙura ce da filashi ya haska kusa da kyamara, kuma babu wata na'ura da aka taɓa tabbatar da cewa tana auna ruhi. Mai neman masu kallo ba zai so ya koma gida hannu rabbana ba. Shi kansa mai bincike abin sa wa ido ne. Harry Price ya fara zuwa gidan limamin coci na Borley a yankin Essex a 1929, ya kama hayarsa shekara guda a 1937, ya tara 'yan sa-kai 48 suna kwana suna rubutu, gidan ya yi suna a matsayin wanda ya fi kowanne fatalwa a Ingila. Ya ƙone a 1939. A 1956 mutum uku daga ƙungiyar binciken al'amuran ruhi ta Landan, wadda aka kafa tun 1882, suka sake bin takardun, suka kammala da cewa an ƙara gishiri sosai, kuma da hannun Price a wasu abubuwan. Wani ɗan jarida ma ya ce ya taɓa kama shi da duwatsu a aljihu a wani dare da ake ta jifa a gidan ba a ganin mai jifan.

Mai yiwuwa bayan duk wannan wani abu ɗaya ko biyu ya rage ba bayani. Ka rubuta shi yadda yake: an ji kaza ranar kaza, ba a gano dalili ba. Abin da mutum ya yi imani da shi game da gaibu nasa ne, ma'aunin zafi ba ya tabbatar da shi, ba ya kuma ƙaryata shi, kada ka shiga wannan gardama da ma'aikatanka. Kafin bincike ya kammala, ka haɗa masu gadin bibbiyu, ka ƙara fitila a matakalar, ka rage tsawon aikin dare in da hali, ka kuma sa su cikin gwaje-gwajen da hannunsu. Biyun da ke shirin tafiya, su za ka fara ba garin su barbaɗa a benen, su kuma za su buɗe ƙofar da safe.