Amsa ga amaryata, kan mutanen Weli da addu'ar dare

Amaryata, saƙonki ya iso. Ƙanenki ya karanta mini shi sau biyu, na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Kin ce a taron matasa an ba ku labarin mutanen Weli, can cikin duwatsun lardin Morobe a ƙasar Papuwa Niyu Gini, 'yan dubbai kaɗan, amma an zauna shekara da shekaru ana juya musu Sabon Alkawari da harshensu. Kika ce anya wahalar ba ta yi yawa ba, tunda ga harshen Tok Pisin da ake ji kusan ko'ina a ƙasar? Sannan kika ɗora taki: me ya sa a gidanmu addu'ar dare sai da Hausa, alhali ku Turanci ya fi kama bakinku?

Na san ta biyun ce ta kawo ki. Amma bari mu fara da baƙi.

Ƙasar tasu tana da harsuna fiye da 800. Ka haura dutse ka gangara kwari, ka tarar da mutanen da ba ka jin ko gaisuwarsu. Da 'yan mishan na Lutharan daga Jamus suka sauka a gaɓar tekun Morobe a 1886, suka ga ba za su iya koyon duka ba, sai suka ɗauki biyu, Kate da Yabem, suka mai da su harshen majami'a da makaranta. Mutum ya yi ta waƙa ranar Lahadi da bakin wasu, ya koma gida ya yi wa ɗansa faɗa da nasa. Mahaifina yakan ce kayan aro ba ya rufe katara. Shi ya sa ban ga ɓarnar lokaci ba a aikin da aka yi wa Weli.

A 1960 ina ɗan shekara 12, a ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi. Lokacin kaka ne, an kai gero rumbu. Wani mai bishara ya zo a kan keke, da Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932 ta su Likita Miller, a naɗe cikin tsumma saboda ƙura. Bayan tuwon dare aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka kunna fitilar ƙwai, ni aka ba riƙonta. Kakata tana gefe tana kaɗi. Ita Bamagujiya ce ta gaske, ba ta taɓa taka majami'a ba, kuma ta ce ba saurare ya fito da ita ba, iska take sha.

Ya buɗe misalin mai shuka, wanda Yesu ya bayar. Ya kai inda wani iri ya faɗi a kan hanya tsuntsaye suka tsince, wani a kan dutse, wani cikin ƙaya. Sai muka ji mazari ya tsaya. Tsohuwa ta ce, "Dakata, malam. Wannan manomin ɗan gidan wa ne? Ba shi da sungumi? Wa ke watsa iri kamar mai ba kaji tsaba? Sara ake yi, a jefa, a take da diddige." Maza suka kwashe da dariya, hannuna ya girgiza har fitila ta nemi mutuwa. Mai bishara bai ji haushi ba. Ya ce a ƙasar Yahudawa yafa iri suke yi, kamar yadda ake yafa acca. Ta ce to ai asarar ta yi yawa. Ya ce haka ne, Iya, mai gonar ya san da asarar, amma bai hana kowace ƙasa rabonta ba. Ta yi shiru, ta ja zare, can ta ce, "Karanta kuma." Sau uku ya maimaita mata, har kananzir ya ƙare muka ƙarasa da farin wata.

Da a Turanci aka karanta, da ta ci gaba da kaɗinta. Gardamar ce ta shigo da ita, kuma ba ka gardama da maganar da ba ka ji ba. Bayan damina biyu aka yi mata baftisma. Ita ce ta kafa mana addu'ar dare, tana cewa wanda bai gode da bakin da ya sha nono ba, godiyarsa a leɓe ta tsaya.

Yanzu ina zuwa sujada in ji yaranmu, jikokin Hausawa gaba da baya, sun buɗe littafin waƙoƙi suna tuntuɓe a kan baƙaƙe. Laifin ba naku kaɗai ba ne. Mu ne muka yi ta murna da kuka fara Turanci, muka bar ku kuna amsa gaisuwa a tsaye da "fayin". Abin yana ci mini rai.

Ban ce Allah ba ya jin Turanci ba, kada ki kai ni gaba. In kin zo Kirsimeti ke za ki buɗe mana addu'a, mu ji da wane baki za ta fito. Kafin nan ki tambayar mini wanda ya ba ku labarin: su Weli da ke dasa dankali da gwaza a gefen dutse, yaya aka faɗa musu misalin mai shuka, kuma me tsofaffinsu mata suka ce da suka ji?